Yadda Inna Uwa Ta Ɗinke Onarabul

Duk Sabon Birni babu telan da bai san ƙarar silifas ɗin Inna Uwa ba. Da sun ji fat-fat-fat a layin teloli sai kowa ya sa ƙafa ya tura ƙyallayensa ƙarƙashin benci, ba don yana da abin yi da su ba, sai don ya ji bakinta. Ita kuwa ba ta taɓa ba su kunya ba. Za ta tsaya bakin shago, buhu a hammata, ta ƙare wa rigar da ke kan keke kallo, ta ce, "Shafi'u, wanga wuya na mutum na, ko na randa?" A kwashe da dariya, a zuba mata ƙyallaye, ta wuce shago na gaba ta ci mutuncin wani.

Shekara hamsin da ɗoriya tana ɗinki. Tun tana 'yar bakwai a Gatawa ta ɗinke bakin buhun geron babanta ba a ko gama zuba geron ba. Mijinta Malam Labbo, Allah ya ji ƙansa, ya sha gaya wa mutane cewa shi ba ya yarda ya yi barcin rana mai nauyi, don kada ya farka ya ishe an haɗa shi da tabarma. Kuma ba sana'a ta ɗauki abin ba. So ne kawai, irin wanda ba ya jin magani. Ta haɗa ƙyalle da ƙyalle ta yi bargo, ta kyautar, ta kama wani.

Halinta biyu kowa ya sani a Gatawa. Na farko, in ta ɗora ƙafa a kan keke ta kama layi, ba ta ɗagawa sai ta kai ƙarshensa, ko tuwo na ƙonewa, ko akuya ta shiga rumbu. Na biyu, in za ta tashi sai ta zare ƙoshiya, ɗan ƙarfen nan da zaren ƙasa ke zama a ciki, ta ƙulle a bakin zanenta, don kada maƙwabta su shigo su ce aro. Wannan rowar ce ta yi mata rana. Ranar da 'yan bindiga suka sa aka gudo daga Gatawa, shekara uku ke nan, ba wanda ya tsaya ɗaukar keke. Da ƙura ta lafa aka koma dubawa, sai sawun ƙafafunsa huɗu a ƙasan ɗaki. Ita kuwa ta iso Sabon Birni da zane ɗaya da ƙoshiya a ƙulle.

Tun daga nan take haɗa wani bargo da hannu, wanda ta ce wannan ba na kyauta ba ne. Duk wanda aka gudo tare da shi sai da ta karɓi ɗan wani abu a jikin tufarsa. Ga guntun rigar liman, ga kallabin ungozoma, ga aljihun Malam Labbo ɗungum a tsakiya. Wasu masu ƙyallayen suna garin Isa, wasu sun tsallaka Nijar, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Bargo ya yi girma har sai mata huɗu ke iya ɗaga shi. Saura baki kawai a kama. To bakin nan ninki huɗu ne, yatsun Inna kuma sun kumbura da sanyin ƙashi, allura ta ƙi shiga. Teloli kuwa, bayan duk zagin da suka sha, wa zai ba ta kekensa? Ko Shafi'u cewa ya yi, "Inna, kekena na masu ɗinka randa na, ba shi iya aikin manya."

Ana nan wata Laraba da hantsi sai ga Wakili. Wakili ɗan Gatawa ne, shi ne kuma ɗan gaban goshin Onarabul Zayyanu: shi ke riƙe masa waya, shi ke tara masa jama'a, shi ke fara dariya in ya yi barkwanci. Ya yi sallama ya durƙusa rabi, don kada wandonsa ya taɓa ƙasa.

"Inna, albishirinki. Onarabul zai raba kekunan ɗinki ran Asabar, mata goma. Ni da hannuna na sa sunanki."

Inna ba ta bari fuska ta nuna komai ba. "Keke na ƙafa?"

"Na ƙafa, sabo dal. Abu guda dai. In anka tambaye ki, ki ce horon kwana uku da Onarabul ya shirya, can kinka koyi ɗinki. Ki taho da bargon ga naki, a ce shi na aikin da kunka yi."

"Kwana uku."

"Kwana uku, Inna."

"Wakili, wandon da ka shiga aji ɗaya da shi, wa ya ɗinka maka?"

"Ke ta, Inna."

"Ranar da ka tsage shi bisa katangar makaranta, duwawu waje, wa ya maida shi?"

"Inna, wagga magana ta wuce. Siyasa muka yi yanzu."

Ta haɗiye sauran. Keke keke ne. In ana so ta ce jiya aka haife ta ma, za ta ce.

Wakili na fita maƙwabciyarta Habi ta leƙo ta kan zana. Habi 'yar Gatawa ce ita ma, mai kosai, kuma babu labarin da ke wuce bakin kaskonta bai sha mai ba.

"Uwa, kada ki sa rai. Kekunan nan goma na san su kamar ɗiyana. Bara an raba su Isa, ɗiyar ƙanwata Zulaiha anka ɗauka hoto da na ukun. An raba su Gangara. Har Burkusuma an kai su bisa babura. Da an gama hoto sai a ce za a kai su ofis a buga musu lamba a maido. Har yau lamba aka bugawa. Kekunan nan sun fi direban tasha sanin hanya."

Inna ta shafa ƙullin bakin zanenta.

"Hoton, minti nawa aka yi?"

"Uku, in mai hoto ya yi nawa huɗu."

"Ya ishe ni gefe guda."

"Ke mi?"

"Bargo gefe huɗu garai. In na samu guda ran Asabar, saura uku. Ai ba su daina rabo ba."

Ran Asabar filin ƙwallo ya cika. Rumfuna, kujerun roba, makaɗa, samari kowa ya ɗaga waya sama kamar masu neman sabis. Kekuna goma a jere suna ƙyalli, kowanne da jan ƙyalle a wuya kamar ragon suna. A kujerar tsakiya kuma ga babban baƙo, Ciyaman na jam'iyya daga Sakkwato, baƙin tabarau, carbi, fuska ba annuri. Kowa ya san abin da ya kawo shi. Onarabul Zayyanu bai daɗe da barin jam'iyya mai alamar buta ya dawo mai alamar rariya ba, yana kuma neman a sake tsayar da shi takara. Ciyaman ya zo ya ga da idonsa ko mutumin nan ya bar buta da gaske, ko dai alwala ya je yi ya dawo.

Onarabul kuwa ya sha babbar riga, farar shadda mai sitati, in ya motsa sai ta yi ƙara kamar ana taka busasshen kara. Ya yi jawabi na minti arba'in. Ya ce kafin zuwansa matan yankin nan ba su san gaban allura da bayanta ba. Ya ce ga wata tsohuwa nan, Inna Uwa, da aka kawo ta horo ko almakashi ba ta iya riƙewa, yau ga abin da ta haɗa cikin kwana uku. Mata huɗu suka shimfiɗa bargon a kan teburin keke na farko, ya zubo har ƙasa ta kowane gefe. Aka tafa. Matan Gatawa da ke bayan rumfa suka kalli juna, wata ta sa gyale ta toshe baki.

Inna ba ta ji ko rabin jawabin ba. Tun da ta zauna gaban keken hankalinta ya bar filin. Ta shafa kansa, ta juya ƙafar hannu a hankali, ta ji yadda yake tafiya sumul. Man kamfani ma bai bushe ba. Shekara nawa yana yawon duniya, ko zare bai taɓa gani ba! Tausayinsa ya kama ta, irin tausayin lafiyayyen doki da aka ɗaure ana hoto da shi. Da ta zo ne da niyyar gefe guda. Yanzu da tafin hannunta ya ji sanyin ƙarfen nan, sai ta ji duk duniya ba abin da take so sai ta kwana ta tashi ta gan shi a ɗakinta.

Ta kwance bakin zane, ta zura ƙoshiya ta ƙasa. Ƙas! Ta zauna daram kamar don ita aka ƙera wurin. Ta ciro zare daga cikin ɗankwali ta bi da shi, ta zura a allura da lalube, ta murɗa ɗinki zuwa mafi ƙanƙanta, don bakin bargo ba ya son sakaci.

Wakili ya sunkuyo. "Inna, mi kika yi haka? Hannu kawai za ki aza."

"To, ɗan nan."

Sai ga Onarabul ya iso da masu hoto. Ya tsaya gefenta, ya sunkuya, ya miƙa hannu kan bargon yana nuni da yatsa, wai shi ga mai koyarwa. Hannun babbar rigar da ya naɗe a kafaɗa ya sulale ya bazu a kan bargo kamar an shanya shi. Ba wanda ya kula, kowa na gyara murmushi.

Mai hoto ya ce, "Inna, ɗan taka mana, kamar kina ɗinki."

Da wani ɗan Gatawa ya ji shi, ko Wakili ne, da ya rufe masa baki. Inna Uwa ba ta san wani abu wai shi "kamar" ba.

Ta taka.

Keken ya ɗauka da wata irin murya, tatatatata, kamar wanda aka sako daga kurkuku. Bakin bargo ya shiga gudu ƙarƙashin allura. Ƙyallen liman ya wuce, na ungozoma ya wuce. Can sai Inna ta ga wani farin abu mai ƙyalli ya biyo layi. Ta gan shi sarai. Ta kuma san ba ta taɓa karɓar shadda irin wannan a hannun kowa ba. Zuciyarta ta ce tsaya. Ƙafarta, wadda shekara hamsin ba ta taɓa tsayawa tsakiyar layi ba, ta ce ba ta san zancen ba.

Onarabul ya ji ana jan sa. Ya ƙara sunkuyawa. Aka ƙara ja. Ya bi hannun rigarsa taku ɗaya, taku biyu, ya zagaya bayan keke a duƙe, yana murmushi don waya ɗari na kallonsa, yana magana ta cikin haƙora.

"Inna. Inna! Tsaya. Baba, don Allah tsaya!"

"Saura kaɗan, ranka shi daɗe."

Jama'a suka ɗauka nuni yake yi. Makaɗa suka ƙara wuta, wata ta rangaɗa guɗa. Sai da Inna ta kai kusurwa, ta yi gaba ta yi baya ta kashe ɗinki yadda ya kamata, sannan ta ɗaga ƙafa. Layi ya fita tsaf kamar an ja da igiya. A cikinsa kuwa, kamu ɗaya da rabi na hannun rigar Onarabul Zayyanu ya zama ɗan Gatawa.

Ya gwada miƙewa, bargo ya biyo shi. Ya koma ya duƙa.

"Wakili! Kawo almakashi a yanke tsumman ga."

Habi, wadda ta riga ta matso da matan Gatawa a bayanta, ta ce da ƙarfi yadda wayoyi za su ji, "Wane za a yanke? Wanga na rigar liman na, Allah shi jiƙanai. Na kusa da shi zanen goyon ɗiyata na. Onarabul, wane cikinsu kaka so a yanke?"

Onarabul ya kalli wayoyi. Ya ce ai wasa yake yi.

"To a yanke rigar," in ji wani daga baya.

"Kai wa ya tambaye ka?" in ji Onarabul. Da azahar ake jiran sa a Isa, da rigar nan, da kekunan nan.

Wakili ya ciro reza daga aljihu. "Sauƙi garai, ranka shi daɗe. A birkice bargon, a tsinke zaren ƙasa, shi ke nan." Ya kama gefe zai ɗaga.

Inna ta dafe hannunsa. "Wakili, leƙa tukuna. Kai da maigidanka. Ku kaɗai."

Ta ɗan ɗaga kusurwa, kamar mai nuna jariri. Suka leƙa.

Shafin bargon, wato ƙyallen da aka yi masa ciki da shi, atamfa ce shuɗiya. A jikinta ga Onarabul Zayyanu yana dariya har kunne, kumatu ba su kai na yanzu ba, ga ƙatuwar buta a saman hularsa, ga rubutu a ƙasa: ZAYYANU DA BUTA, MUTUWA KA RABA. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Tun daga wannan gefe har wancan, Zayyanu da buta, Zayyanu da buta, sun fi arba'in.

Inna ba da wata manufa ta sa ta ba. Satin da Onarabul ya sauya sheƙa, Wakili da kansa ya kwaso ragowar atamfar kamfe ya jibge bayan layin teloli, ba mai so ko a kyauta. Ita kuwa ta murza ta ji yadi ne mai ƙarfi, ba ya zuba, kuma ciki ne, wa zai gani? Sai yanzu da ta ga yadda zufa ta karyo wa Onarabul ta gane abin da take ta kwana a ƙarƙashinsa.

Daga rumfa Ciyaman ya sauke tabarau zuwa kan hanci. "Lafiya dai, Zayyanu? Mi kuka kallo nan ƙasa?"

"Lafiya lau, ranka shi daɗe! Ƙwarewar aiki muka dubawa!"

Ya juyo ga Inna, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, ki warware ta sama."

"Ina iyawa. Ɗinkin dai ƙanana na, idona kuma ba kamar da ba. In ba ka son shaddar ta huje, ka zamna nan kusa gare ni zuwa la'asar."

"To in tuɓe rigar in bar miki. A sauke bargon, yara su ɗauki keke."

"A sauke shi, ranka shi daɗe. Mata huɗu ka ɗaga shi. Habi, ku taho. Ku ɗaga shi sama ƙwarai kada shi sha ƙasa, ku juya cikin wajen rumfa don rana."

"Mun iya," in ji Habi, har ta fara naɗe hannun riga.

"Tsaya, tsaya, tsaya." Onarabul ya share goshi da hannun da ya rage masa. "Inna, mi kika so?"

Inna ta ɗora tafin hannu a kan keken. Muryarta ba ta yi ƙarfi ba. "Bargon ga ya samu wurin kwanciya. In anka bar shi yadda shike, da abin da ke ƙarƙashinai, har a kai mini ɗaki, ba mai ganin cikinai sai ni da Allah. Ni kuma horon kwana uku gare ni, ban iya karatu ba."

Onarabul ya kalli Wakili. Wakili ya kalli Ciyaman, wanda ya riga ya miƙe yana tahowa. Nan fa Wakili ya nuna ba a banza yake cin tuwon siyasa ba. Ya fizgi lasifika.

"Jama'a! Ku shaida abin da ba a taɓa yi ba ƙasar Gobir! Onarabul ya ce keke kaɗai bai isa ba! Ya ce rigar da ke wuyanai ma ya ba wagga tsohuwa, a haɗa da tufafin talakawa, don shi da talakawa ɗinki guda na! Kuma ya ce yanzu-yanzu a ɗauki keken ga, da bargo, da riga, yadda suke, a kai mata har ɗaki!"

Fili ya ɗauka. Onarabul ya sunkuyar da kai ya zame daga cikin babbar riga kamar maciji mai saɓa, ya miƙe da 'yar ciki, yana ɗaga hannu biyu. Ciyaman ya iso, ya dubi layin ɗinkin, ya gyaɗa kai.

"Kwana uku, Hajiya?"

"Kwana uku, ranka shi daɗe. Malamin na da ƙoƙari."

Samari shida suka ɗaga keke da bargo a kansa kamar amarya, Habi da matan Gatawa suna riƙe da gefuna, suna danna su ƙasa da kulawar da ba a taɓa ganin sun yi wa wani abu ba. Inna na biye, fat-fat-fat. Da aka zo wucewa ta layin teloli ta ce a ɗan tsaya.

"Shafi'u! In randar taka ta gagara, kawo in gyara maka."

Sauran kekuna tara kuwa aka ce za a kai su ofis a buga musu lamba. Kafin motar ta fita gari Habi ta riga ta kira Zulaiha a Isa.

"Ke, sunanki na cikin na yau? To saurara. Ki nemi ƙoshiya da zare ki ƙulle bakin zane. In ya sunkuyo, kada ki ɗaga ƙafa."

Ba a dace ba. An ce a Isa Onarabul daga nesa ya tsaya, hannu a naɗe a ƙirji, mai hoto na roƙon ya matso yana cewa nan ma ya yi. Har yau kuma ba a sake ganin sa da babbar riga a wurin rabo ba, sai 'yar shara mai guntun hannu.

Inna ta kama sauran gefe uku kafin la'asar. Matan nan tara da aka yi hoto da su ta ce su riƙa zuwa suna taka keken bi da bi, daga hantsi zuwa azahar, bisa sharaɗin ba mai ɗinka mata wuyan randa. Shaddar kuma ta yanka ta gida-gida, ta jera a gefen ƙasa, wajen da ƙafa ke kaiwa. Ta ce yadi ne mai kyau, yana da sanyi a diddige.

Da ta gama ta zare ƙoshiya, ta ƙulle a bakin zane, ta tafi duba tuwo. Ya ƙone.